Shida Na Ce Musu

Ni ce Tabawa, ungozomar Lajawa. In ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, daga layin masu kayan miya har bakin kara, ba za ka rasa wanda ni na yanke wa cibi ba, wasu har sun fara furfura. Ban taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, kuma ban taɓa jin na gaza kowa ba. Jikata Rabi ce ke riƙe da biro yanzu, ta zo hutu, ina faɗa tana rubutawa. Na gaya mata in ta gyara mini magana ko ɗaya zan gane, don sai na sa an karanta mini.

Jego ne ya kai ni Indiya. Rabi tana karatun kiwon lafiya a can, mijinta Nasiru yana na haɗa magunguna, sai Allah ya sauke ta lafiya, aka sami namiji. Uwarta tana fama da hawan jini, likita ya hana ta hawa jirgi. Ubanta kuwa, wanda ta wajensa na zama kakarta, ya rasu tun tana 'yar shekara tara. Aka duba dangi kaf aka rasa mai zuwa sai ni da gwiwata mai ƙara. Sunan uban Rabi aka mayar wa jaririn, saboda haka Abba muke ce masa.

Wahalar farko a filin jirginsu ta tare ni. Na ɗauro gero da yaji da kuka da daddawa, da kanwa mai kyau wadda na zaɓa da hannuna. Wani mai kaki ya kwance ƙullin kanwar ya shinshina, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Na gutsura na jefa a baki don su ga abin ci ne, sai suka ƙara tsorata. Awa biyu ina zaune a benci ina yi musu bayani da Hausa mai kyau, suna kaɗa kai. Kan nasu ma ba ka gane masa, ba i ba ne, ba a'a ba ne, lilo kawai yake yi. Daga ƙarshe suka riƙe kanwar da daddawar, suka miƙo mini geron kamar wata alfarma suka yi mini.

Gidan kuwa hawa na huɗu ne, ɗaki biyu kamar akurki. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za ka kafa tukunyar wanka. Na dubi Nasiru na ce, “A nan kake nufin a yi wa mace jego?”

Ya ce, “Iya, akwai hita.”

Ya ɗauko wani ƙarfe mai igiya da ake tsomawa a bokiti. Ruwan da yake dafawa ko kaza ba za ta figu da shi ba. Na sa ya aro na biyu muka tsoma duka, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Mai gidan ya hayo yana haki yana zuba yarensu kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Na bar shi ya gama, na ce masa Allah ya ba da haƙuri, na rufe ƙofata.

Kanwa kuma Nasiru ya nemo wani ɗan ƙasarmu mai shige da fice da kaya, ya rantse yana da ita, ya kawo ta a leda a ɗaure kamar zinariya. Na dama kunu, Rabi ta kurɓa, bakinta ya ɗaure tamau. Alif ne, na tace ruwa. Aka kira wayarsa, ya ce shi a garinsu haka kanwa take. Baƙo ya ƙwace mini kanwa, ɗan gida ya sayar mini da alif. Ranar na zauna a bakin taga na daɗe ina kallon rufin gidajen mutane, ina tuna rumfar da ke ƙofar ɗakina, da yadda mata ke leƙowa da hantsi su ce, “Iya Tabawa, an tashi lafiya?” A can babu mai sanin ko ka tashi.

Sai mutum ɗaya. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da jan ɗigo a goshi. Mai Ɗigo nake ce mata. Wata safiya ta gan ni na zura muciya ta baranda ina ƙoƙarin karyo reshen darbejiya, don garin cike yake da ita kamar Wudil. Ta leƙa ta ga jaririn, ta ga bokitin ruwan zafi, ta kaɗa kan nan nasu. Washegari na buɗe ƙofa na tarar da damin ganyen darbejiya a ɗaure da zare. Kullum haka, har na baro ƙasar. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma ta san abin da ake yi wa mai jego.

Kwana goma sha tara da haihuwa na ga Rabi ta saɓa jaka.

Na ce, “Ina za ki?”

“Makaranta, Iya.”

“Da ɗanyen jiki? Ko rabin arba'in ba ki yi ba.”

Ta ce, “Sitat ce, Iya. Bara na faɗi, lokacin ina laulayi. Sau biyu kawai ake bari mutum ya zauna mata. In na sake faɗuwa sallamata za su yi, in tattara in koma Wudil, shekara biyun nan ta tafi a banza.”

“Mece ce sitat ɗin?”

“Ƙididdiga. Ƙirga mutane da abubuwa, a gane halin da suke ciki.”

Na ce, “Ƙirga ce za ta kayar da jikar Tabawa? Wuce mu je in gan ta.”

Haka na zama 'yar makaranta da tsufana. Rabi ta fita da sassafe, ni kuma da hantsi in goya Abba in bi ta da shi ya sha nono. Ta rubuta mini sunan makarantar a takarda, in miƙa wa mai a-daidaita-sahu. Ashe daga can aka kawo mana su, har launin ɗaya. Rana ta biyu wani ya ɗauke ni ya yi ta tafiya, tafiya ta ƙi ƙarewa, Abba yana tsala kuka a bayana. Ya ɗauka ban san hanya ba, kuma gaskiya ne ban sani ba. Amma akwai wata farar saniya mai karyayyen ƙaho kwance a tsakiyar titi, kuma sau uku muna wuce ta. Mutumin Wudil za a ɓatar alhali ga saniya a hanya? A na ukun na cire takalmi na ɗan taɓa masa kafaɗa da shi, na nuna masa saniyar, na ɗaga yatsu uku. Bai ƙara kwana ko ɗaya ba sai ƙofar makaranta.

Ajin nasu akwai benci a bakin ƙofa ta baya, nan nake zama. Malamar 'yar ƙarama ce, da tabarau da dogon kitso guda ɗaya mai furfura, ba ta dariya. Kullum sai ta zana wani abu a allo kamar an kife ƙwarya, ta yi ta dukan tsakiyarsa da sanda. Na tambayi Rabi, ta ce wai yawancin mutane a tsakiya suke taruwa, kaɗan ne a gefe da gefe. Na ce wannan sai an hau jirgi za a sani? Wata rana kuma ta ce an koya musu ba sai ka tambayi duk mutanen gari ba, ka ɗebi kaɗan daga nan da can ba tare da zaɓe ba. Na ce kowace mai sayen gero a Wudil ta san ba a duba na saman buhu, hannu ake zurawa har gwiwar hannu. Rabi ta ce, “To Iya, ki shiga ki rubuta mini jarabawar mana.” Na ce da za a yi ta da baki da tuni na karɓi kujerar Mai Tabarau.

Sai aka zo kan aikin da ya ɗauki rabin makin duka. Kowane ɗalibi zai tambayi mutum arba'in, ya tara amsa, ya lissafa. 'Yan ƙasar suka bazu cikin unguwanninsu. Rabi ba ta jin yaren garin, ta roƙi malamar ta bar ta ta tambayi matan gida ta waya, aka yarda. Tambayoyin ba su da yawa: shekarunki nawa, 'ya'yanki nawa.

Na ce, “Arba'in kawai? Ko ɗari kike so sai na tara miki kafin la'asar.”

Autata Asabe ita ta riƙa shiga gida-gida a Lajawa da waya. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, ko lokacin nasu ma sai da suka saka masa rabi, saboda haka in mun yi azahar su hantsi ne a gida. Sai in yi gaisuwa, in tambayi yara da gona da jikin tsohuwa, Rabi tana zungurina wai kati zai ƙare, sannan ta jefa tambayarta.

Ranar farko ta ce, “Iya, da ke zan buɗe. Ke ce lamba ɗaya. 'Ya'yanki nawa?”

Na ce, “Shida.”

Abba yana kan nono, takardar tana kan gwiwarta, idonta ya yi ja don rashin hutu. Ta rubuta ba ta ɗago kai ba.

Aka zo kan Hansai matar Ɗanladi mai faci. Rabi ta tambaye ta, muka ji ta yi 'yar dariya ta ce, “Babu tukuna.” Ni na karɓi haihuwarta da damina, namiji, ƙato. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yarinyar nan gidansu an yi tarbiyya. A wajenmu mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'ya ba ta sa shi a lissafi. Na iyayenta ne, ko na surukanta. Duk wanda ya tambaya ya san haka, shi zai ƙara ɗayan a zuciyarsa. Rabi kuwa tun rasuwar ubanta aka tafi da ita birni wajen dangin uwarta, daga nan sai makarantar kwana. Ta san ba a faɗar sunan. Ba ta san har ƙirgar ake tsallakewa ba. Ni kuma ko sau ɗaya bai zo mini cewa akwai mai hankalin da bai san wannan ba.

Da ta lissafa ta ce wai matan Lajawa kowace tana da 'ya'ya biyar da rabi. Na ce, “Shekara arba'in ina karɓar haihuwa ban taɓa karɓar rabin ɗa ba. Ko ke ce Rabin da aka ƙara wa kowa?” Har Nasiru sai da ya ƙware da shayi.

Bayan mako guda malamar ta ce kowa ya ƙara tambaya ɗaya. Rabi ta ƙara: haihuwarki ta ƙarshe, a gida ko a asibiti? Asabe ta sake zagayawa, ta turo amsoshin a murya, Rabi ta zuba su a kwamfuta tana gyangyaɗi, ta miƙa aiki.

Ranar Alhamis ta dawo da azahar, ko hijabi ba ta cire ba ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

Na ce, “Wa ya mutu?”

Ta ce, “Malama ta ce ƙirƙiro matan na yi. Ta ce a ɗaki na zauna na cika lambobi da kaina.”

“Ita ta haifa mini su da za ta ce babu su?”

“Iya, mata biyar ba su da ɗa ko ɗaya, kuma uku sun haihu a gida, biyu a asibiti. Ta ja musu jan layi. Ta ce ranar Litinin in zo da hujja, in ba haka ba za ta miƙa ni gaba. Wannan ba faɗuwa ba ce kawai, kora ce, kuma a rubuta a takardata na yi ƙarya. Babu makarantar da za ta sake ɗaukata.”

Na ce ta karanto sunayen. Hansai, Ladidi, Uwani ta gidan Sarkin Ruwa, da wasu biyu.

Na ce, “To ai ba su yi ƙarya ba. Na fari ne.”

Ta dube ni kamar na yi yaren Mai Ɗigo. Na yi mata bayani. Tana ji fuskarta tana sauyawa.

“Kina zaune, Iya. Kina ji suna cewa babu, kika yi shiru.”

“Me zan ce? In ce wa yarinya ta zubar da kunyarta a waya, Asabe tana tsaye a kanta?”

“Wata biyu ina wannan aikin.”

“Wa ya ce ki tambayi mace 'ya'yanki nawa kamar kina ƙirga awaki? Da kin ce sau nawa aka kira Iya Tabawa gidanku, da kin ji daidai.”

Nasiru ya sa baki, ya ce abin mai sauƙi ne, a ƙara wa kowace ɗaya. Na ce masa ya tsaya a kan magungunansa. Matar malamin firamare ta ƙirga nata duka, ita ba ta da ta ido. 'Yan matan da suka yi sakandare rabi sun ƙirga rabi sun ɓoye. Lami kuwa Bafulatanar Ɗankaza ce, na fari da na biyu duka ba ta sa su. In ka ƙara wa kowa ɗaya ka gyara ƙarya da ƙarya. Babu kwamfutar da ta san wannan. Ni na sani.

Juma'a da Asabar muka zauna, daga karin kumallo har la'asar. Rabi ta kira sunan mace, ni in jero mata 'ya'yanta da sunayensu, rayayyu da waɗanda suka koma, har da wanda aka haifa ranar da rumbun gidansu ya kama wuta. Inda na yi shakka a kira Asabe ta leƙa gidan ta tambayi uwar miji. Sau biyu kawai aka kira ta, kuma duka biyun ni ce da gaskiya. Mace talatin da tara muka gyara tsaf. Na miƙe ƙafa na ce a ba ni ruwa.

Rabi ba ta tashi ba. Ta ce, “Saura lamba ɗaya.”

Na ce, “Lamba ɗaya daidai take.”

Ta ajiye biro ta fara lanƙwasa yatsu. “Baffa Sani. Goggo Hajara. Baffa Iro. Goggo Asabe. Huɗu. Da tagwayen da suka rasu, Hassana da Usaina. Shida.” Ta tsaya. “To Babana fa?”

Na ce, “Ki bar lamba ɗaya yadda take.”

“Da na ce don ya rasu ne. Amma kin ƙirga tagwayen da ko yaye su ba a yi ba.”

Me zan ce wa 'yar boko? Ina da shekara goma sha bakwai na haife shi a ɗakin uwata a Ɗankaza. Da aka yaye shi can aka bar shi. In na je ganin gida ya rugo ya riƙe mini zane, sai in janye in ce a kama yaron nan. In babu kowa a tsakar gida in tura masa ƙuli-ƙuli a aljihu in kau da kai. Ya girma yana ce mini Yaya. Da ya yi aure ya dawo Lajawa kusa da ni, kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ni kuma in amsa ina kallon wani wajen. Ranar da aka fito da shi mata suna ta kuka, ni ina zaune ina miƙa wa masu gaisuwa tabarma, aka yi ta cewa kai, Tabawa akwai kunya, akwai dauriya. Da wannan aka san ni. Shi ne abin da na riƙe shekara da shekaru, kuma ban ga dalilin da zan sauke shi don wata mai tabarau tana son lamba ba.

Rabi ta ce, “A ƙasan takardar akwai inda zan sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ba zan sa hannu a kan shida ba. Ba kuma zan rubuta bakwai ba sai na ji daga bakinki.”

“Ke kin san adadin, ki rubuta abinki mana. Wa zai sani?”

“Ni.”

Na ce, “Za ki zubar da karatun shekara biyu saboda taurin kai?”

Ta ce, “A wajen wa na gado shi?”

Ranar Lahadi ba mu yi wa juna magana ba sai ta bakin Nasiru, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, ya ce yana da karatu ya fice. Mai Ɗigo ta shigo da shayinsu mai citta a ƙananan kofuna, ta dube ni ta dubi Rabi, ta ajiye kofi ɗaya a gabana ɗaya a gabanta, ta matso da su har suka haɗu, ta fita. Na sha nawa.

Litinin da hantsi na ɗaura zanena mai kyau, na goya Abba, muka tafi. Ofishin malamar ƙarami ne, takardu har rufi, fanka tana juyawa a sama. Rabi ta yi ta bayani da Turanci, ta ajiye tsohuwar takarda da sabuwa. Malamar tana ji, fuskar nan kamar an ɗaure ta da zare. Da Rabi ta gama ta yi magana gajeriya.

Rabi ta ce, “Wai labarin yana da daɗi, amma wanda ya ƙirƙiri mata arba'in zai iya ƙirƙiro al'ada ɗaya.”

Na ce, “Gaya mata ta zura hannu a buhun.”

Ban san yadda Rabi ta juya shi ba, amma na ga girar malamar ta ɗaga. Ta yayyaga takarda ƙanana, ta rubuta lambobi, ta zuba a gwangwanin biro ta girgiza. Ta ce Rabi ta faɗi sunan mace kawai, sannan ta juya ta kalli bango. Sabuwar takardar tana hannun malamar, ni ko an ba ni ba karantawa zan yi ba.

Ta zaro. Rabi ta ce, “Lami ta Ɗankaza.”

Na ɗaga hannu na fara, suna ɗaya yatsa ɗaya. Tara. Malamar ta duba takarda. Ta sake zarowa. Gambo matar mai gyaran rediyo, huɗu, har da mai shan inna. Ta sake. Hansai, yatsa ɗaya, na faɗi sunan yaron da ƙarfi tunda ba ni na haife shi ba. Sau shida tana zarowa, sau shida ina cika mata. A na ƙarshe na ga ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. Na ce a raina, yau kin ga jami'a.

Ta mayar da tabarau ta bi takardar da yatsa daga ƙasa zuwa sama, a hankali. Yatsan ya tsaya a can ƙoli. Ta yi tambaya. Rabi ta juyo daga bango, muryarta ta yi ƙasa.

“Ta ce duk matan da suka haura hamsin an ƙara musu, ban da mace ɗaya, kuma ita ce ta fi kowa shekaru. Ta ce wannan ta fita daban da sauran. Tana so ta san ko wace ce lamba ɗaya.”

Matar nan da a Lajawa aka haife ta da ta yi ungozoma. Ba ta barin komai a ciki.

Rabi ta nuna ni. Malamar ta turo takardar sa hannu gaban Rabi, ta ɗora biro a kai, sannan ta juyo gare ni ta ɗaga hannunta, yatsu a buɗe, wato bismilla. Rabi ta sa hannuwanta biyu a cinya. Ba ta kalli biron ba, ba ta kalle ni ba.

Na fara. Sani. Hajara. Hassana. Usaina. Iro. Asabe. Hannu ɗaya ya cika, ga ɗaya a na biyun. Malamar ta duba takarda, ta ga shida, ta kaɗa kai, ta gamsu. Da a nan na tsaya da babu abin da za ta ce. Ta nuna wa Rabi inda za ta sa hannu.

Rabi ba ta motsa ba. Fanka tana ta juyawa. Malamar ta sake nuna wurin, ta yi magana, wannan karon da ɗan zafi. Na ga yarinyar nan ta fara jawo jakarta, za ta miƙe. Na san wannan miƙewar, irin tawa ce. In ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba, sai dai mu hau jirgi tare, ta je ta zauna a Wudil tana kallona ina kallonta.

Na ce, “Zauna.”

Na ɗaga yatsa na bakwai. Bakina ya bushe kamar na sha kunun alif ɗin nan. Sama da shekara hamsin sunan yana cikina bai taɓa bi ta harshena ba, har na ji tsoron ba zai fito daidai ba.

Na ce, “Sulaimanu. Shi ne na fari.”

Rabi ta ɗauki biro ta soke shida ta rubuta bakwai, ta sa hannu. Hawaye yana ɗiga a takardar mutane. Malamar ta rasa gane abin da ya faru, ta tambaya, Rabi ta faɗa mata kalma biyu ko uku. Sai matar ta miƙe tsaye ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta sunkuyar mini da kai. Ni dai na gyara goyona. Daga baya ta ce wai tana neman izini ta riƙa ba ɗalibanta wannan labarin duk shekara, don su san tambaya ma ana koyonta. Na ce a gaya mata ta ba da na Hansai da na Lami, lamba ɗaya kuwa ta bar ta inda ta gan ta.

Kada ku ɗauka an ba Rabi maki mai yawa. Bayan duk wannan sai da matar nan ta yanke mata, wai don ba ta gwada tambayarta a kan mutum biyu-uku ba kafin ta baza ta. Da ƙyar ta haye, kamar mai tsallaka kogin Wudil da kaya a ka. Na ce a kai ni in yi mata magana, Nasiru ya ce Iya don Allah a bar shi haka. Biyar da rabin nan kuma ya koma shida da 'yan kai, har yau ban ga matar da ta haifi 'yan kan ba.

Ranar da zan taho na ba Mai Ɗigo sauran gerona da muciyar. Ta riƙe hannuna ta yi ta magana, ni ma na yi ta yi, kowa da yarensa.

Na dawo Lajawa na tarar labari ya riga ni, don Asabe bakinta ba ya riƙe ruwa. Wasu tsofaffin suna yi mini wani kallo, wai Tabawa ta je ƙasar waje ta kama sunan ɗan fari a gaban baƙuwa. Na bar su. Ba su suka ga yarinyar tana jawo jaka ba.

Sunan yana cikin takardar nan sau ɗaya, na ga Rabi ta daɗe a kansa da biro. Duk wanda zai karanta mini ita, in ya iso wurin, kada ya kama shi, ya ce bakwai, ya wuce.